Kulu Mai Shayi da Littafi Mai Koriyar Riga

Kafin masu gareji na unguwar Alshajara su ɗaga ƙofofinsu, Hajja Kulu ta riga ta share gindin darbejiyarta, ta yayyafa ruwa, ta hura gawayi. Sai ta jera 'yan kujeru, ta ɗora shayi da gahawa, ta jefa ɗan turare a wuta. Hayaƙin yakan tashi a hankali ya ratsa ganye, har mai wucewa ya rasa ko ya gama farkawa ko da sauran barci a idonsa. Daga nan ta jawo wani tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin tebur, ta yi bisimilla ta buɗe. Baƙo zai zaci sukari ne a ciki. Littattafai ne: tatsuniyoyi, labaran mutanen ruwa, tarihin sarakunan da suka shuɗe, har da na marubutan zamani masu gina birane a kan gajimare.

Abin dariyar shi ne, wadda ta shekara da shekaru tana gadin wannan dukiya ba ta iya karanta ko layi ɗaya ba. Littattafan na mijinta ne, marigayi Malam Ubaidullahi, wanda yake baza tsofaffin littattafai a kasuwar Omdurman. Su biyun jikokin mahajjatan nan ne da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, hanya ta ajiye su a bakin Nilu. Kowace la'asar Malam yakan zauna a tabarma, idonsa na bin Larabci, bakinsa na zubo mata Hausa, ita kuwa tana tsintar shinkafa tana yi wa jarumin labari faɗa in ya yi wauta. Da Malam ya rasu, aka ba ta shawara ta bai wa masu ƙunshe gyaɗa takardun. Ta dubi mai shawarar, har yau bai sake ba ta wata ba.

Maimakon haka ta yanka tsofaffin mayafanta, ta ɗinka wa kowane littafi riga. Da rigar take gane su: ga mai rawaya na yaƙe-yaƙe, ga mai ɗigo-ɗigo na kura da zomo. Ta kwaso su zuwa wajen shayi, ta kafa doka ɗaya. Kowa na iya ara, amma ranar da ya dawo da littafi zai zauna ya ba ta labarin tun daga farko, kuma in ya sha Hausa a nono, to da Hausa zai bayar. Samari sukan fara lafiya lau, sai a tsakiyar magana harshe ya zame zuwa Larabci. Sai ta ƙwanƙwasa kofi da cokali.

"Ya waladi, ɗana, dawo gida. Aljanin nan ba ya jin Larabci."

Ta haka masu hannu baƙi ƙirin da man inji suka koyi wanke hannu kafin su taɓa takarda. Ta haka Bahita, wadda ta zo birnin nan daga ƙauye ba ta san kowa ba, ta sami inda ake sauraronta. Hazim mai walda, wanda a da ba ya iya haɗa jimla biyu da harshen kakanninsa, yau shi ke yi wa 'ya'yansa tatsuniya. Ke ce kika yi wannan, Hajja, da cokali da kofi, ba allo ba bulala.

Amma akwai littafi ɗaya da ya fi sauran nauyi a zuciyarta, mai koriyar riga. Shi Malam yake karanta mata a makon da ya kwanta ciwon ajali. Labarin wani mai kwalekwale ne a mahaɗar farin ruwa da shuɗi na Nilu, wanda wata tsohuwa ta ba shi mabuɗi. Ya nutsa ƙarƙashin kogi ya tarar da ƙofa, a bayanta kuma garin da kakanninsa suka baro, yana jin dakan matan garin da kukan zakarunsa. A can sama kuwa ga iyalinsa suna jira a gaɓa. Mutumin na tsaye da mabuɗi a hannu Malam ya sa yatsa a shafin, ya ce, "Kulu, gobe ma ƙarasa." Goben ba ta same shi da lafiya ba.

Tun daga nan take neman ƙarshen labarin. Duk wanda ta ga ya yi hankali sai ta miƙa masa da hannu biyu. Hazim ne ya fara, ya dawo yana susar ƙeya ya ce mutumin ya buɗe ya shiga, kakarsa ta tarye shi da fura. Bahita, da 'yarta ta karanta mata, ta ce sam, jefar da mabuɗin ya yi ya koma wa 'ya'yansa. Layla, ɗalibar jami'a, ta ce ya buɗe ƙofar ya bar ta a buɗe, garin nan ya riƙa fitowa gida-gida yana zama a bakin kogi. Hajja takan lumshe ido ta saurara, ta ce, "Kwayyis, ya yi kyau," ta mayar da shi akwati.

Gaskiyar da masu aro suka ɓoye a tsakaninsu ita ce, littafin ba shi da ƙarshe. Shafukan baya sun ɓace, kuma ba wanda ya iya duban idon tsohuwar ya faɗa mata. Ko da faɗa ya ɓarke a birnin, kowa ya yi ta kansa, shi kaɗai ta ɗaure a ƙugu ta fita da shi. Da ta dawo ta tarar da akwatin wayam, sai ga waɗanda suka tsira suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, wasu da littafin da gudu ya same su da shi, rigarsa ta koɗe.

Bana gwiwoyin Hajja suka ƙi. 'Yarta Shamsiyya ta ce zaman bakin titi ya isa, za ta tafi da ita gidanta a unguwar Soba. Ranar sallama gindin darbejiya ya cika, aka kashe injuna tun kafin la'asar. Masu aro sun riga sun shawarta cewa bai kamata ta tafi da ruɗi ba, suka tura Hazim gaba. Ya durƙusa a gabanta.

"Habboba, kakarmu, ki yafe mana. Mai koriyar rigan nan, wallahi ba shi da ƙarshe. Duk abin da muka faɗa miki, mu muka ƙirƙira."

Hajja ta gama zuba shayin da ta fara, ta miƙa masa.

"Ya Hazim, wa ya ɗinka masa rigar? Tun ran da allurata ta bi bayansa na ji babu shafukan ƙarshe. Haka Malam ya samo shi, shi ma bai sani ba."

"To don me kike ba mu?"

Ta shafa koren ƙyallen, idonta ya ciko. "In aka ce mini ga ƙarshe guda, halas, shi ke nan, Malam ya rufe littafi ya tashi. Amma muddin kuna kawo mini sabo, la'asar ɗin nan ba ta wuce ba. Yana nan a tabarma, yatsansa a shafi."

Maza masu dukan ƙarfe suka sunkuyar da kai, ba mai son a ga fuskarsa. Bahita kuwa ba ta ɓoye ba, kuka ta yi sosai.

Hajja Kulu, uwar akwati, mun gode. Ke ce kika karanta littattafai da bakunan mutane, kika mayar da masu aro masu ba da labari ba tare da sun sani ba. Allah Ya jiƙan Malam, Ya sassauta miki gwiwoyi, Ya saka miki da gidan da ƙofarsa ba ta neman mabuɗi. Mu kuma da muka iya karatu, mu duba littattafan da ƙura ke ci a ɗakunanmu, mu fito da su inda mutane ke zama, mu saurari abin da za su dawo da shi.

Akwatin ta bar wa Bahita, tare da butoci da cokalin. Da motar Shamsiyya ta tsaya, an ɗauka za ta tafi da mai koriyar riga. Sai ta ɗaga shi sama ta dubi taron.

"Soba ba nisa. Wa zai kawo mini ƙarshen Juma'a mai zuwa?"

Hannuwa suka tashi, duk an wanke su.