Injin ban-ruwan da na saya a waya

Ni a kasuwar Mai'adua na koyi ciniki, ina bin mahaifina. Can in ka taya sa, mai shi ya ce ya sallama, dillali ya haɗa hannuwanku aka ce Allah ya sa albarka, magana ta ƙare. In ka je gida ka tarar da ciwon da aka ɓoye maka, sai ka koma wa dillali, shi ya san ƙofar gidan mai san. Da wannan tunanin na shiga sayayya a waya.

Shekarar da fetur ya gagari talaka, na riga na yafa irin albasa a 'yar fadamata wajen Sandamu, ga injina ba abin zuba masa. Sai na ga wani inji mai aiki da hasken rana a shafin masu sayar da kaya. Karatuna bai wuce firamare ba, amma hoto ai kowa na gani. Mai kayan ya fara turo mini rubutu, na ce a'a, ni ba na ciniki da wanda ban ji muryarsa ba. Ya kira. Muryar dattijo, har da tambayar iyali. Ya ce, "Alhaji, in bai ja ruwa ba, wallahi ka maido mini." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma na ji daɗi. Na taya, ya sallama. Wani dogon Turanci ya fito da wurin dannawa a ƙasa. Na danna, na tura kuɗi.

Injin ya iso tashar Daura a kwali. Na kai gona na haɗa, ya yi ƙugi, ya tofo ruwan da bai isa alwala ba, ya mutu. Mai gyara ya kwance, ya ce tsoho ne aka shafa wa fenti. Na kira lambar, a kashe.

Na tafi wurin mijin ƙanwata, ma'aikacin kotu ne. Ya ce, "Yaya, doka tana bayanka, ko a waya ka saya. Akwai hukumar da ke karɓar irin wannan koke. Ina inda ya rubuta cewa ka maido?"

Na ce, "Da bakinsa ya faɗa, har ya rantse."

"Wa ya ji?"

"Allah."

Ya sosa ƙeya. Ya lalubo Turancin da na danna, ya ce wai an rubuta in an buɗe kwali ba a mayarwa. Na ce to da warin kwalin zan gane yana aiki? Ya ce wannan sharaɗin ma ana iya rushe shi, in an kama mutumin. Ina shagonsa, a wane gari? Ni ko sunan unguwarsa ban sani ba. Dillalin da zan koma wa, babu.

Ya rubuta mini koken, ya ce in jira. Albasa ba ta san jira ba. Na koma guga, ina ja ina zubawa har tafin hannuna ya fashe, rana na ƙone fangalin da ban kai gare shi ba. Na kusa da rijiya kaɗai ya rayu, shi muka yi miya da shi.

Har yau ana gaya mini ina da haƙƙi. Ina da shi mana. Yana nan bayan rumbu cikin kwalinsa, kaza na ƙwai a kai.