Ranar da Baba Ya Ce "To"

Har gobe idan na ga riɗi ya zube a ƙasa daɗi nake ji, Allah ya yafe mini. Kowa na salati yana cewa asara, ni kuwa ɗan majalisarmu nake tunawa.

Unguwa ɗaya muka tashi da shi a Gadarif. Uwarsa mai ƙosai ce a bakin kasuwa, ƙawar innata, kuma tuwon da ya ci a gidanmu Allah kaɗai ya san yawansa. Da Hausa muka yi dambe, da Hausa aka raba mu. Sai ya tafi karatu Khartum, ya dawo da farar jallabiya da rawani kamar kwando, aka zaɓe shi majalisar lardi, har da ƙuri'ata, kaico. Daga ranar Hausa ta ɓace masa ɓat. Ka ce masa sannu, ya ce maka "ahlan".

Gonarmu tana wani ƙauye wajen Simsim, inda mu da 'yan unguwarmu da yawa muke zaman noma. Kakana ne ya sare dajin a hanyarsa ta dawowa daga Makka, a nan ya zauna, a nan aka binne shi. Ni da Baba muke nomanta, dawa da riɗi, ba mu taɓa roƙon kowa hatsi ba.

Wata shekara gwamnati ta ce za a yanka ƙasar a yi manyan gonakin tarakta, waɗanda ake kira mashru'u. Ɗan majalisa ya zo ƙauye ya yi mana bayani. Da tafinta ya zo! Wallahi tafinta. Ya tsaya gaban dattawan da suka san shi tun yana yawo ba wando, yana zuba Larabci, wani yana juya mana, mu da muke ciniki da Larabci kullum. So yake dai mu san matsayinmu. Ya ce zamanin fartanya ya wuce. Ya ce ƙasa ta gwamnati ce. Ya ce mu Fallata, sunan da suke kiran Hausawa da shi a nan, ai baƙi ne, kara aka yi mana da aka bar mu muka zauna, kuma mu gode, tunda za mu samu ƙodago a mashru'u.

Baba ya ce masa da Hausa, "Ɗana, kabarin ubana yana cikin gonar nan."

Ɗan majalisa ya juya ya kalli tafinta, wai yana jira a fassara masa. Ranar na ji abin da ake kira ƙiyayya, kuma har yau ba ta sake ni ba.

Da aka gama rabo, gonarmu da na maƙwabta suka faɗa cikin mashru'u ɗaya, mashru'un kuwa nasa. Tarakta ta bi ta kan komai, har kabarin. Ya shuka riɗi iya ganinka, damina kuma ta yi masa kyau, abin haushi.

Amma tarakta shuka riɗi take yi, ba ta yankansa. Sai hannu da lauje. Da ganye ya yi rawaya, in ba a yanke an ɗaure an jingine shi tsaye cikin 'yan kwanaki ba, kwanso ya fashe, ƙwaya ta bi ƙasa. Sai ga shi ya dawo da tafintansa da 'yan rakiya, yana neman masu yanka. Wai mu ya zaɓa, ba zai ɗauko leburori daga nesa ba, tunda mun san ƙasar. Mun san ta mana!

Dattawa suka dubi Baba. Baba ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Tooo."

Tafinta, wanda Hausarsa ta kasuwa ce, ya ce, "Sun yarda."

Akwai "to" gajere, na amincewa. Akwai kuma mai ja, wanda uwa take yi wa yaro idan ya yi ɓarna a gaban baƙi, ma'ana na ji, za mu haɗu. Uwar ɗan majalisa, mai ƙosai, ta yi masa irinsa ba sau ɗaya ba. Na ga fuskarsa ta motsa, ya ji sarai. Amma in ya ce a sake tambaya, ya tona wa kansa asiri gaban 'yan rakiya cewa yana jin Hausa. Sai ya haɗiye, ya yi murmushi, ya shiga mota.

Ranar yanka lorinsa ya zo ya tarar ba namiji mai ƙarfi a ƙauyen. Duk mun tafi Ƙala'at an-Nahal yankan riɗin wasu. Ni na bi gida gida na tabbatar ba wanda ya saura, kuma da za a sake, sai in sake. A wannan lokacin kowane mai gona ya riga ya kama leburorinsa, ko gurgu ba ka samu.

Na dawo ɗaukar guzuri wata safiya, sai na biya ta bakin gonar na tsaya na saurara. Kwanso yana fashewa ƙas-ƙas, kurciyoyi sun cika ƙasa. Ina isa gida sai ga ɗan majalisa, shi kaɗai, ba tafinta ba rawani. Baba yana zaune kan gado a tsakar gida yana shan gahawa. Ɗan majalisa ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, don Allah don Annabi ku rufa mini asiri. Rabi ya zube."

Hausa tsaf, har da karin unguwarmu.

Baba ya kurɓi gahawarsa, ya juyo gare ni, ya ce da Larabci, "Me wannan bawan Allah yake cewa? Nemo mana tafinta."

Riɗin ya ƙare a ƙasa. Gonar dai ba ta dawo ba, wata shekara ɗan majalisa ya kawo leburorinsa daga iyakar ƙasa. Baba bai sake riƙe fartanya ba, kuma da ya rasu a makabartar gari muka kai shi, nesa da ubansa, don ko wurin kabarin ba a iya ganewa.

Ranar zaman makoki ɗan majalisa ya zo. Ya miƙo mini hannu, ya ce da Hausa, a hankali don kada a ji, "Ɗan'uwa, Allah ya ji ƙan Baba. Mu yafi juna."

Na dube shi, na ce, "Tooo."