Wutar Arvo Lahtinen ta mutu

Ranar Talata, 14 ga Janairu, Allah ya karɓi ran maƙwabcinmu Arvo Lahtinen. Matarsa Marlys ce ta same shi zaune a gindin tarin itacensa, gatari na gefe, ƙanƙara ta fara rufe masa kafaɗa. Zuciya ce, in ji likita.

Arvo, na daɗe da biro a hannu ban rubuta komai ba. Gajiya ce a jikina, ba ta aiki kaɗai ba.

Shekarar da bututunmu suka daskare suka fashe, ruwa ya malale ɗakin ƙasa, kai ne ka shigo da takalman roba ba tare da an kira ka ba. Da bazara ka kafa mana tukunyar dumama gida mai cin itace a tsohon ɗakin kaji, nesa da gida saboda gobara. Mijina Wendell ya fara tona ramin bututu, bayansa na ciwo, ya tsaya iya gwiwa. Ka leƙa ka ce, "Wendell, kyanwa za ka binne? Sanyin garin nan sai ya tarar da bututun kafin Kirsimeti." Ka karɓi shebur ka tona har ƙirjinka, ka naɗe bututun da kyau, sannan ka nuna mini inda ake buɗewa a zubar da ruwan in za a bar gida babu wuta.

Da ciwon shanyewar jiki ya kwantar da Wendell a asibiti, na yi hunturu guda a gefen gadonsa. Safe da yamma kana ratsa ƙanƙara kana ɗura wa tukunyarmu itace, alhali gwiwoyinka sun riga sun lalace. Da na dawo na yi maka godiya, sai ka ce, "Bari, Dorene. Kofinki ma ba daɗi, amma zuba mini."

Tun rasuwarka Marlys tana wajen 'yarku Joanne a birni. Ni nake zuwa ina saka wa tukunyarka itace, don kada gidanka ya daskare. Guntayen da ka faskara sun yi mini nauyi, sai in riƙa jan su ɗaiɗai. Jiya ɗanka Curtis ya zo, ya ce mahaifiyarsa ba za ta iya zama ita kaɗai ba, gara a rufe gidan. Bai san inda ake zubar da ruwan ba. Tukunyarka irin tamu ce, ni na buɗe. Muka tsaya muna kallon ruwan yana fita da tururi, yana huda ƙanƙara, har ya ƙare. Yau da safe na duba ta taga, babu hayaƙi a wajenka.

Allah ya jiƙanka, Arvo, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutu. Marlys, Curtis da Joanne, da sauran dangi, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu da muka rage a kan hanyar nan, Allah ya ba mu ƙarfin ganin ƙarshen hunturu.