Ɓaunar Iya da Kujerar Nafisa

Ɗiyar ƙanwata ta ɗauki tatsuniyar kakata ta samu kujera da ita, ni da na ba ta tatsuniyar ina tsaye ina zuba musu shayi. Baƙin ciki nake yi, ba kuwa zan ce ba komai ba. Na san hassada ba kyau, na yi istigfari ya fi a ƙirga, amma abin bai sauka daga ƙirjina ba.

Shekarata bakwai a wani shago da ke Port Saeed, cikin unguwar Deira a Dubai, inda ake sayar da kayan shiga daji: tanti, takalman hawan dutse, rigunan sanyi, tabarau mai jawo nesa kusa. Ni ce shara, ni ce shayi, ni ce jera kaya. Mai shagon dattijo ne, Arbab muke ce masa, kamar yadda ake ce wa kowane maigida a garin nan. Ni na roƙe shi bara ya yi wa Nafisa biza, don uwarta, ƙanwata Jummai, ta hana ni sakat da waya, wai yarinya ta gama jami'a tana zaune. Ɗaki ɗaya muke kwana a Al Qusais, gado mai hawa biyu, ita a sama.

Ranar Litinin wani injiniya ɗan Kaduna ya shigo, ya ji muna Hausa ya washe baki. Abokan aikinsa ne suka gayyace shi Kanada farautar wata dabba da ake kira beyar, shi kuwa ko zomo bai taɓa kashewa ba. Ya nuna wa Nafisa ita a waya, baƙa, mai gashi, jibgegiya. Ya ce duk lokacin sanyi a rami take barci, sai ƙanƙara ta narke ciyawa ta fara tsirowa sannan ta fito a rame, ba abin da ke gabanta sai ci. Idonta ba shi da ƙarfi, amma hancinta ba ya kuskure.

"Ƙanwata, wallahi ko ta ina ake farawa ban sani ba," in ji shi. "Kada in je in ba da Najeriya gaban Turawa."

Nafisa ta gyara gyale ta ce, "Alhaji, kada ka bi dabbar, yunwarta za ka bi. Ka nemi inda ciyawa ta fara fitowa, ka hau tudu ka zauna, ka bar idonka ya yi tafiyar. Iska kuma ta riƙa dukan fuskarka, ba ƙeyarka ba."

Saura kaɗan in saki farantin shayi. Wata biyu da suka wuce na faɗa mata wannan ina yi mata kitso, tana ta danna waya, ashe kunne ɗaya yana wurina. Yarinyar da ta ga tsaka a banɗaki ta tara mana maƙwabta da ihu! Injiniya ya sayi kaya jingim, ya ce wa Arbab wannan yarinya ta san daji, zai dawo Alhamis da safe da abokai biyu ta ƙarasa musu darasi. Kafin la'asar an sa mata kujera a ɓangaren kayan farauta. Ni aka ce in goge kujerar.

Maganar nan ba ta Nafisa ba ce, ba ma tawa ba ce. Ta Iya ce, uwar babanmu, ɗiyar wani sarkin baka a ƙauyenmu can bayan Ningi. Ita kaɗai ce tsohuwar da na sani da tatsuniyoyinta ba na Gizo ba ne. Nata duk na maharba ne, kuma in tana bayarwa sai ka rantse ta taɓa riƙe baka.

In an idar da isha sai ta sa a ƙara kara a murhun ƙofar ɗakinta, wai gwiwoyinta ba sa shiri da sanyi. Mu jikoki mu kewaye ta, awaki na tuƙa a bayanmu, ƙamshin gurjiyar da ta tura cikin toka yana tashi. Haƙoranta jajaye ne da goro, muryarta kuma kamar ta namiji. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take, "Ku matso, dawa za ta yi magana." Mu ce, "Mun ba ta kunne."

Kowa da mazauninsa. Jummai a cinyar Iya, don ita ce ƙarama, ita ce kuma aka zaɓa daga gidanmu aka sa a boko, kullum ana lallaɓa ta kada ta makara. Ni a baya, da ƙwaryar gyaɗa ina ɓara, don ba a yarda hannuna ya zauna banza ba. Na ji haushin cinyar nan shekara da shekaru. Amma ban ce Iya ba ta so na ba. In ta ciro gurjiya, mafi girma ta kan cillo min ta bayan kowa ba tare da ta waiwayo ba, ta ce, "Asabe mai kunnen zomo, kina nan?" In ce ina nan. Har yau in na ji ƙaurin kara, ko da a wurin masu gasa masara ne, sai in ji kamar za a kira ni haka.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta tsohon maharbi Baushe da almajiransa biyu na farauta, Ɗantanko da wani. Bazara ce, ruwan farko ya sauka, dajin da aka ƙone ya fara toho. Ɓauna sun sha wuyar rani, haƙarƙarinsu a waje. Yaran nan biyu suna ɗokin su bi sawu, Baushe ya ce musu duk wanda ya bi sawun ɓauna bayanta kawai zai yi ta gani, su je fadamar da ta riga kowace kore su hau tudu su jira ta. A nan Iya kan ɗebo toka da yatsu biyu daga gefen murhu, ta ɗaga ta sake ta, mu duka mu bi ta da ido.

"Kun gani? In toka ta koma bayanka, ci gaba. In ta yi gabanka, juya ka tafi gida, ɓauna ta riga ta san abin da ka karya da shi."

Mu fashe da dariya. To daidai nan Jummai kan yi barci, kullum, kamar an yi mata alkawari. Ba ta taɓa jin ƙarshen labarin ba. Ɗiyarta ma daidai nan aka kira ta a waya ranar kitson, ta tashi da rabin kai.

Sauran ni na ji shi, ina ɓarar gyaɗa. Baushe ya ɗora kowane yaro a tudunsa, ya yi musu magana ta ƙarshe. Ya ce in ta fito ita kaɗai kada ku yarda ita kaɗai ce, uwa kan ɓoye ɗanta a duhuwa ta fito ta gwada wurin tukuna. Ku zauna kamar tsawon da tukunyar wake za ta nuna. In ba abin da ya biyo ta, ku harba. In kun harba kuma kada ku bi jini nan take, don mai rauni kewayowa take ta laɓe a gefen sawunta tana jiran wanda ya cuce ta.

Ɗantanko yana ganin ƙaho ya saki kibiya. Uwa ce. Ya bi jini da gudu, ta fito masa ta gefe ta farke masa cinya, a kan gadon kara aka kawo shi gida. Ɗan maraƙin ya kwana biyu yana kuka a fadama kafin kuraye su same shi. In Iya ta zo nan sai ta tura itace cikin wuta, ba mai motsi.

Shi kuwa ɗayan, wani tsohon namijin ɓauna ne ya fito masa, shi kaɗai. Ya jira wake ya nuna. Ba maraƙi, iska na fuskarsa, dabba ta ba shi haƙarƙari. Sai ya ce bari dai in ƙara tabbatarwa. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa, har rana ta faɗi, ɓauna ta ƙoshi ta yi tafiyarta. Ya dawo gida lafiya lau, kibansa cif. Baushe bai zage shi ba. Ya karɓi bakan ya miƙa masa goran ruwa, shi ya yi ta ɗauka a bayan maharba har ya yi furfura. Ɗantanko kuwa, da ɗingishinsa, makaɗa suka yi masa waƙa.

Abin ya ƙona min rai. Wata rana na ajiye ƙwarya na ce, "Iya, wannan ai zalunci ne. Wanda ya ji magana shi aka ba gora?"

Ta ce, "Ce masa aka yi ya jira har ya tabbata. Wa ya ce masa ya jira har ya tsufa?"

"To ya sunansa?"

"Oho. Wa ya tambaya? Bai kawo komai ba, bai ɓata komai ba. Ke tashi ki ɗauke min ƙanwarki, ƙafata ta mutu."

Ranar Laraba da magariba ina soya albasa a ɗan kicin ɗinmu, Nafisa ta zo ta jingina da ƙofa tana murmushi irin na uwarta.

"Anti, Allah ya bar mana ke. Ƙarasa min labarin Iyan nan mana. Na duba a waya, kowa da abin da yake faɗa, kaina ya ɗaure."

"Ba ke kika san daji ba?"

"Haba Anti! Ci gabana ai naki ne."

"A'a, naki naki ne. Da mutumin nan yake yabonki, kin ce masa a bakin antina na ji, ga ta can da buta?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da zobe. "Ai ba a tambaye ni ba."

"To ni ma ba a tambaye ni ba. Halas, zance ya ƙare. Miƙo min gishiri."

Ta hau gadonta ba ta ci abinci ba. Na ci nawa, na cinye har da nata ƙwan, ban ji tausayinta ba ko kaɗan. Abin da ya dame ni daban ne. In na yi shiru, gobe za ta yi ta kame-kame a gaban baƙi, in ji sanyi a raina, amma bawan Allahn nan zai tafi ƙasar mutane da rabin magana. Ya je ya harbi uwa mai 'ya'ya, abin da shi da kansa ya ce dokar can ta hana, ko ya bi jini cikin duhuwa a dawo wa matarsa da akwati. In kuma na faɗa wa Nafisa, to na sake ɗora ta a cinya ke nan, ni na koma baya da ƙwarya.

Ina wanke tukunya na gane ni ma rabin labarin na ɗauka. Jummai ta ɗauki na farko ta yi barci, ni na ɗauki "jira" na rungume shi shekara arba'in. Na jira a ce Asabe ma ta tafi makaranta, ba a ce ba, sai da na kai talatin da huɗu na kai kaina ajin yaƙi da jahilci a Kano, na zauna da 'yan mata sa'annin 'ya'yana ina haɗa baƙi. A shagon nan na san kowane takalmi da lambarsa, na san tabarau ɗin da ke yin hazo da wanda ba ya yi, ina karanta abin da ke jikin kwali da Turanci ko da a hankali ne. Masu sayarwar ma ni suke tambaya a ɓoye. Shekara bakwai ina jira Arbab ya lura da kansa, ina ce wa abin haƙuri, ina jin na fi kowa tarbiyya. Ashe yaron nan da na yi faɗa dominsa a gaban Iya, kaina nake karewa tun ban sani ba. Ƙyashin da nake yi wa Nafisa bai ragu ba don na gane haka. Amma ita ta ga dama ta harba, ko da da kibiyar wani ce. Ni kuwa ba wanda ya riƙe min hannu.

Da safe ban jira ta ba. Na sa abayata ta Juma'a, na hau jirgin ƙasa na metro na farko, na iske Arbab yana buɗe ƙofa. Na haɗa Larabcina da Turancina na kasuwa na ce masa maganar da aka yaba ranar Litinin tawa ce, ta kakata ce, kuma rabi ce. Na ce baƙin nan in sun zo ya tsayar da mu biyu a bayan kanta, duk wadda ta amsa ita ce da wurin.

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Mama, to shayi fa?"

"Nafisa tana da hannu biyu."

Ya yi dariya har da tari, ya ce yalla, to mu je mu gani.

Ƙarfe goma Injiniya ya shigo da Turawansa biyu, ya nufi Nafisa da fara'a. Ban bari ya kai ba. Na ce, "Alhaji, barka da zuwa. In dabbar nan ta fito maka ita kaɗai, tsawon wane lokaci za ka kalle ta kafin ka ɗaga bindiga? In kuma ka harbe ta ta shige duhuwa, me za ka yi?"

Ya tsaya. Ya dubi Nafisa, Nafisa ta dubi takalminta. Sai ya cire hula ya sosa kai, ya ce wa abokansa su matso, ya juyo gabana sosai.

"Hajiya, yi a hankali," in ji shi. "Zan riƙa fassara musu."