Sista Asabe, Wadda Ta Koya Mini Yi Wa Kaina Allura

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan maƙwabcina ya bugo mini waya, wai Sista Asabe ta rasu. Hatsarin mota ne jiya da la'asar a hanyar Gwagwalada. Tun ɗazu na kasa zama wuri ɗaya. Na buɗe shago, na rufe, na sake buɗewa.

Ga wanda bai san ta ba, nas ce a ƙaramin asibitin unguwarmu nan Tungan Maje.

Ranar da likita ya ce ƙwaya ta daina riƙe mini suga, sai dai allurar insulin, ce masa na yi a bar ni da ciwona. Ni da nake kayar da rago in yanka, amma in na ga tsinin allura sai gumi ya keto mini.

Sista ba ta yi mini dariya ba. Lemo ta ciro daga jakarta ta miƙo mini. "Alhaji, fara da wannan, shi ba ya ihu."

Sai da na huda lemon nan son raina, sannan ta ce in ɗaga riga. "Ka bar yatsa biyu daga cibiya. Soka a miƙe. Danna. Kar ka zare, ƙirga goma." Na ƙirga a guje. Ta ce, "Oga, ina za ka? Sake, a hankali."

Ita ta ce in riƙa yawo da suga ƙwaya uku a aljihu, ko da sugana zai faɗi. Ita ta ce in NEPA ta ɗauke wuta in ƙulle maganin a leda in ajiye gindin randa.

Bara sugana ya ƙi sauka, ga gyambo a babban yatsan ƙafata, har an fara maganar yankewa. Ta ce tsaya, mu ga cikin naka inda kake soka allurar. Ta lalubo wani kullutu mai tauri. Ashe wuri ɗaya nake ta soka, don nan ba ya zafi.

"Nan maganin yake kwanciya, ba ya shiga jiki."

Ta zana mini cikina a takarda, ta raba shi gida huɗu, kowane sati da gidansa. Yatsan nan yana nan, da shi na taka zuwa masallaci yau.

Ganinmu na ƙarshe sati biyu ke nan. Ta yi mini faɗan maimaita amfani da allura ɗaya, sannan ta ce akwai wani dattijo, Baba Audu, manomi daga Sheda, ya ƙi yarda da allura. "Kunyar ɗaga riga yake a gabana. Ka zo ranar Alhamis ka nuna masa a naka cikin."

Na ce insha Allah.

Alhamis ta zo, kaya suka iso mini daga Kano, ban je ba. Ta kira ni sau biyu. Na gani, na ce zan kira ta anjima.

Ban kira ba.

Abin da ya hana ni sukuni ke nan. Ban san gidan dattijon nan ba, ban ma san kamanninsa ba. Don Allah duk wanda ya san wani Baba Audu mai ciwon suga a Sheda, ya yi mini magana. Zan je har gida.

Allah Ya jiƙan Sista Asabe, Ya yafe mata, Ya haskaka kabarinta, Ya raya abin da ta bari. Wanda ya karanta, don Allah kar ya wuce bai sa ta a addu'a ba.