Tokar Malama da Tukwanena

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Malama a Azare, ita ma gajeruwa, in na yi ɗage sai in ga abin da take dafawa. Malamar firamare ce, 'yar Katolika, mai 'ya'ya biyar, kuma duk aikin cocinsu a kanta yake ƙarewa: wankin rigunan Fada limaminsu, koya wa yara addu'a, gai da marasa lafiya. Ta yi ta yi ta koya mini karatu, na ce kaina ya riga ya cika da zance. Hajiya take ce mini, alhali ko filin jirgi ban taɓa gani ba.

Kowace shekara akwai Lahadin da suke zagaya coci riƙe da ganyen dabino, daga Katagum ake kawo musu. Kowa ya kai nasa gida ya ajiye. In shekara ta kusa zagayowa sai Malama ta bi gida-gida ta tattaro su, sun bushe ƙayau. A lokacin ban san amfaninsu ba. Ta dai kawo dami ta ce in ajiye mata a ɗakin hatsina, don akuyarta ba ta san abin Allah ba.

Wata Talata da sassafe ta karɓi daminta. Na ji ƙaurin hayaƙi, can sai ga kwano a kan katanga, da toka a ciki an tankaɗe ta luƙui. Ita kuma ta wuce makaranta. To, mu abin da aka ɗora a katangar nan na maƙwabci ne, haka muka saba da gishiri da daddawa. Na ce Allah ya yi wa Malama albarka, ta ga baƙin tukwanena. Na zauna na dirje su tas, har da butar maigida.

Da la'asar ta shigo. "Hajiya, kwanon da na ɗora ya huce fa?"

Na ɗago tukunya tana walƙiya. "Ga aikinsa nan."

Matar da muryarta ke tsayar da aji guda ta nemi turmi ta zauna. A hankali ta faɗa mini: gobe Laraba suke fara azuminsu, kuma tokar nan Fada zai shafa wa kowa a goshi. Dole kuma tokar ta kasance ta ganyen nan da aka sa wa albarka a coci.

"Tun da aka ba ni aikin nan ban taɓa zuwa hannu wofi ba," ta ce.

Na nuna mata murhuna. "Ga toka nan fal, ɗebi. Wa zai gane?"

"Ni zan gane."

Nan fa na ga dole in fito da maganar da ban so ta fito ba.

"Malama, da kika ɗauki damin nan, ba ki ji ya yi miki sauƙi ba?"

Ta dube ni ta saman tabarau. Na shiga ɗaki na fito da mafici biyu da faifai. Ganyen ne ya yi mini kyau, na riƙa zara kaɗan-kaɗan ina jiƙawa ina saƙa. Mafici ɗaya ma na maigida ne.

"Wato ɓarauniya na ba ajiya."

"Ɓarauniyar ce dai za ta fid da ke kunya."

A kaskona muka ƙone su, tana addu'arta ƙasa-ƙasa, ni ina tankaɗe. Tokar ko gwangwanin madara ba ta cika ba. Washegari da hantsi ta leƙo ta katanga, da baƙin tabo a goshi.

"Ta isa, har da saura. Ki gaya wa maigidanki ga maficinsa nan," ta ce, tana nuna goshinta.

Duk bazarar nan yana cigiya, ni kuwa ina ce masa mafici ya tafi coci.

Ba ta fasa ba ni ajiya ba. Sai dai ta riƙa ɗaure damin da wani ƙulli nata, ta haɗo da ɗan ƙunshin ganyen da ba a kai coci ba, ta ce wannan na ɓarauniya ne. Ƙunshin shekarar da ta rasu ya daɗe a rataye kafin na iya jiƙa shi. Shi ne maficin da nake fifita da shi yanzu.