Mai Atamfa da Motar Azahar

Saude mai atamfa ba ta kallon fuskar mai saye, kuma ba ta ɓoye wannan hali. A rumfarta ta kasuwar Ƙaura Namoda, idonta na kan waya mai fasasshen gilashi, bakin gyale a haƙoranta.

Ga alama masu sayen kayanta matan Zurmi ne da Shinkafi, waɗanda tsoron 'yan bindiga ya hana su hawa hanya. A hoto suke zaɓa, direba ya kai musu. Shi kuwa direba ba ya wuce azahar a tasha. In ya tashi babu kayanta, cinikin yau ya tafi. Tana gaya wa maƙwabciyarta cewa gobe da sassafe za ta ɗauki hotunan sati guda ta huta. Maƙwabciyar ko juyowa ba ta yi, ta saba ji.

Rana ta take, sabis ya ƙi, hoto ɗaya ke ta juyawa a waya ya ƙi tafiya. Wata tsohuwa a gabanta ta gaji da sallama. Saude ta ɗago, ido jawur.

"Inna, don Allah, tunda kina tsaye, kama mani bakin atamfag ga in ɗauka, kahin mota ta tashi."